Layi Huɗun Da Injiniya Tasi'u Ya Goge

Wata rana, a wani ƙaramin kamfanin manhaja da na taɓa yi wa aiki a Kaduna, na ga ramuwar da har yau in na tuna sai raina ya yi fari.

Akwai wata abokiyar aikinmu, Rumasa'u. Ba ta da surutu. Ka gaishe ta, ta amsa, ta mai da ido kan kwamfuta.

Lokacin muna yi wa wata ƙungiyar ungozomomi manhajar waya, wadda za su riƙa tura wa likita bayanan masu juna biyu da ita. Sirrin mutane ne, dole a kulle kowane saƙo yadda ba mai iya karantawa sai wanda aka tura wa.

Makullin akwai shi, wani laburare, wato guntun manhaja na ɓoye saƙo, da masana suka rubuta tuntuni. Matsalar ita ce a kwamfuta ake haɗa shi, amma a waya zai yi aiki, kuma ƙwaƙwalwar waya daban take da ta kwamfuta. In ba ka gaya wa kwamfutar cewa don waya kake haɗin ba, kanta za ta haɗa wa. Kamar tela ne ya auna jikinsa ya ɗinka maka riga.

Maza uku muka gwada, muka gudu. Ni ne na biyu, ba zan ɓoye ba.

Rumasa'u ta ɗauka. Mako uku tana fama. Har tsohuwar wayar goggonta mai fasasshen gilashi ta aro, don ta ce irinta ungozomomin ke riƙewa. A ƙarshe abin ya tashi a kowace waya. Ta tattara umarnin haɗin a fayil guda, ta sa sunanta a sama, yadda ake yi a sana'ar.

Sai ga Injiniya Tasi'u, shugaban sashenmu. Baki ne da shi kamar rediyo. Ya karɓi fayil ɗin, wai zai duba.

Washegari a taron ma'aikata ya gaya wa Hajiya Balaraba, mai kamfanin, cewa shi ya warware matsalar. Ya ƙara da cewa wata ukun gwajin Rumasa'u ya kusa cika, kuma shi bai ga abin da ta tsinana da za a riƙe ta ba.

Ina zaune a wurin. Ban ce uffan ba, kuma wannan shirun har yau yana ba ni kunya.

Da muka fito, Rumasa'u ta buɗe fayil ɗin a ma'ajiyar ofis, inda muke adana duk fayilolin aiki. Sunanta babu. Ya goge layi huɗu na sama gaba ɗaya.

Ta daɗe tana kallon wurin. Sai ta yi wani ɗan murmushi, ta rufe.

Ga abin da Injiniya bai sani ba, tunda bai taɓa karantawa ba: layi ukun farko ne ke ɗauke da suna da kwanan wata. Na huɗun shi ne ke gaya wa kwamfuta cewa don waya ake haɗin.

Ya sake haɗa laburaren da kansa. Ya gwada a wayar kwaikwayo ta cikin kwamfutarsa, wadda da ƙwaƙwalwar kwamfutar take aiki. Komai ya tafi sumul. Bai ga dalilin taɓa wayar gaske ba.

Ranar nuna aiki ta zo. Shugabannin ungozomomi bakwai, likitoci biyu, an kunna majigi. Injiniya ya yi minti ashirin yana ba da labarin wahalar da ya sha. Sannan ya ce kowa ya buɗe manhajar.

A wayar farko, manhajar ta buɗe ta rufe kanta.

Ta biyu haka. Ta uku haka.

Wata dattijuwar ungozoma ta ɗaga tata, ta tambaya ko ita ce ba ta iya dannawa ba.

Injiniya ya ɗora wa intanet laifi. Ya ɗora wa wayoyin. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Hajiya ta gaji, ta ce Rumasa'u ta taso.

Ya matso kusa da ita, ya rage murya.

"Me kika yi wa fayil ɗin nan?"

Ita ba ta rage tata ba.

"Ban taɓa shi ba, Injiniya. Ka mayar da abin da ka goge, zai tashi."

Hajiya ta tambaya me aka goge.

Ma'ajiyar ofis kuwa tana riƙe da tarihin kowane gyara, da sunan wanda ya yi shi. Rumasa'u ta ƙi taɓa kwamfutar, ta ce ai mai aikin ya fi ta sanin hanya. Da hannunsa, majigi na haska bango, Injiniya ya dawo da layi huɗun.

Sunanta ya fito ɓaro-ɓaro.

Haɗin ya ɗauki minti goma sha ɗaya, na duba agogo. Duk tsawon lokacin sunan na bango, shi kuma yana tsaye a ƙarƙashinsa. Wallahi ban ji tausayinsa ko ɗigo ba.

Aka sake sa manhajar, ta tashi a duk wayoyin.

A makon Hajiya ta tabbatar wa Rumasa'u da aikinta, ta kuma kafa doka: duk gyaran da Injiniya zai yi, sai Rumasa'u ta duba ta amince.

Daga baya na tambaye ta me ya hana ta faɗa masa tun farko. Ta ce da ya tambaye ta da ta faɗa, amma mako biyu ko gaisuwarta ba ya amsawa.

Darasi: Kafin ka goge sunan wani daga aikinsa, ka tabbata ka san abin da ke ƙasan sunan. In kuma a gabanka aka yi, kada ka yi irin shirun da na yi.

Tura wa wanda aka taɓa cinye wa gumi. In kana da ƙarfin hali, tura wa Injiniya Tasi'un ofishinku ma.