Bakin Rawanin Baffa

Jiya farin hankicina ya faɗa rafin bayan unguwarmu a Dutse. Ya fito kore shar, yana yauƙi, yana warin kwata. Nan take na tuna Baffa, ƙanen mahaifina.

Kafin shanunsa su sha, sai ya tsoma bakin rawaninsa a ruwan, ya duba a rana.

"Ɗan nan, wannan ɗan kore-koren abincin kifi ne. Ranar da ya yi kauri, rafi ya mutu."

"Baffa, ruwa yana mutuwa?"

Sai ya matse bakin rawanin, ya kora shanunsa mashaya.

Yanzu gidaje sun cinye mashayar. Kowace kwata rafin take nufa, har da ta gidana.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya shayar da shi ruwan da hannunmu bai taɓa ba.