Gyalen da aka ɗaura mini a ƙugu

Shekarun baya, lokacin Lafiya tana ƙarƙashin jihar Filato, ina aikin allurar shanu, wurin aiki suka raba mana sababbin babura irin na shiga daji. Nawa dogo ne, tayoyinsa duk haƙora, kujerarsa kamar katako. Ranar da na karɓe shi sai da na zagaya kasuwa ba abin da zan saya, don dai a gan ni. Ba wanda ya san ni balle ya taya ni murna, na koma ɗakin hayata na shigar da shi ciki muka kwana tare.

Daɗin bai kai mako ba. A kwalta ba laifi, amma da ka sauka hanyar Ashige, inda motocin doya suka mayar da burji tamkar allon wanki, sai ya fara kaɗa ka tun daga tafin ƙafa har haƙori. Madubi ba ya nuna komai sai rawa. In na sauka, yatsuna kan sandare, sai na jira kafin in iya riƙe sirinji. Na kai wa abokina makanike, ya danna kujerar ya ce, "Oga, sabo ne, zai yi laushi da kansa. Ka rage iska small."

Na rage, bai yi laushi ba.

Ana cikin haka tari ya kama mahaifiyata. A asibiti suka ce sai an riƙa kawo ta a kai a kai ana yi mata allura, in aka tsallake kuma ciwon zai dawo da ƙarfinsa. Rugarmu tana can bayan Ashige, mota ba ta shiga sai ranar kasuwa, mahaifina ya rasu, ƙannena mata ne. Babur ɗin nan shi ne kaɗai hanya.

Sai dai ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Kakata ce ta raine ni. Ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. In za ta ambace ni sai ta ce "mutumin Lafiya". Ba ta miƙa mini ƙwarya hannu da hannu, sai dai ta ajiye ta kau da kai. Ba ƙiyayya ba ce, na sani, amma sanin bai hana ni tun ina yaro in tsaya daga nesa ina kallon yadda take tsefe wa ƙannena kai ba.

Ranar farko ta hau ta zauna a kaikaice, ta ja jikinta baya har ƙarshen kujera, ta damƙe ƙarfen ɗaura kaya. Tsakanina da ita akwai wurin da akuya za ta zauna. Duk jijjigar da nake kuka da ita a gaba, ita ta ninka mata a baya. A wata gangara na ji babur ya yi sakayau, na waiga, rabinta a iska. Da muka iso na ga tafin hannunta ya saɓule. Na ce sannu, ta amsa wa bango.

Da na mayar da ita, sai ta aiko goggona, ƙanwar mahaifina, ta ce a gaya wa mutumin Lafiya ta ji sauƙi, kada ya ƙara wahalar da kansa. Ina jin tarinta daga cikin bukka ana faɗa mini ta ji sauƙi.

Na koma gari a hankali, yamma ta yi, ba kowa a hanya sai ni da ƙarar injin. Maganin abin kalma biyu ce, "riƙe ni", amma bakina ba zai iya faɗa mata ba, kunnenta ma ba zai iya ɗauka ba. Na naɗe ƙarfen da tsumma, na ɗaura matashina a kujera, na gwada da buhun dusa a baya. Buhun ya faɗo kafin Ashige. Na zauna a kansa a bakin hanya na rasa wanda zan gaya wa.

Goggo ce ta warware. Ta saurare ni tana ta dariya, ta ce an tura ni boko na koyo yi wa saniya allura amma ban koyo dabara ba. Ta cire gyalenta ta ɗaura mini a ƙugu, ta bar bakinsa biyu suna reto a bayana, sannan ta leƙa bukkar.

"Fito ki hau. Gyalena za ki riƙe, ba ɗanki ba. Ko da ni ma kunyar kike?"

Aka jima, sai ga ta ta fito.

Haka muka riƙa shiga gari, ni da kayan aiki da gyale mai furanni a ƙugu, tana ja na kamar ɗan maraƙi. 'Yan tasha suka samu abin dariya, ban damu ba. In mun shiga rami sai in ji gyalen ya tsuke cikina, in mun fita ya saki. Ba mu taɓa hira a hanya ba, amma wannan tsukewar nake jira duk mako.

Wata rana muna komawa, allurar ta galabaitar da ita, ga damina ta ƙara cinye hanyar. Muna tsakiyar burji na ji gyalen ya saki gaba ɗaya. Zan taka birki ke nan sai na ji hannu a kafaɗata, sannan goshinta a tsakiyar bayana, da zafin zazzaɓi. Ban waiga ba. Na rage gudu har kamar mai keke, na riƙe numfashina don kada ta tuna ko wane ne. Muka tafi a haka har bakin ruga, idona yana ruwa ina ɗora wa iska laifi.

Da ta sauka ta gyara mayafinta tana kallon garke, ta ce, "Hanyar nan ta lalace."

Na ce, "Ta lalace, Inna."

Ta gama allurarta, ta warke sarai, ta yi shekaru masu yawa bayan nan. Ba ta ƙara hawa babur ɗin ba, ba ta ƙara taɓa ni ba, na koma mutumin Lafiya har ta bar duniya.

Bayan warkewarta ba da jimawa ba abokina ya gano ashe tun wajen haɗa babur ɗin aka ɗaure shokar baya, mai shanye jijjiga, a mataki mafi tauri. Ya murɗa da sifana, ya ce in je in gwada. Na bi hanyar Ashige, babur yana lilo kamar ba shi ba, yatsuna lafiya ƙalau, madubi tar. Na duba cikinsa na ga kujerar baya fayau ba kowa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan yammacin ba.

Yanzu na tsufa, ɗana na fari kuma da sunansa nake kiransa, har dangi na cewa birni ya ɓata ni. Ban ga laifin mahaifiyata ba, abin da ta tarar ta riƙe. Abin da nake yawan tunani shi ne, da abokina ya gano gyaran nan tun ranar farko da na gode masa ƙwarai, kuma da na rayu har yau ban san nauyin hannunta ba.