Kayan da Alhaji Yake Aiko Mana

Shagon mijina shi ne na farko a layinsu a Kazaure da ake harhaɗa kwamfuta. A kawo akwatin fanko, a kawo kayan cikin a kwali, Malam ya zauna da sukudireba ya tayar da kwamfutar tebur sukutum. Lokacin da aka kawo ni gidansa, masu shagon buga takardu daga Babura da Roni suna zuwa nemansa, ni kuwa ina hura hanci a gidan biki ana cewa ga matar mai kwamfuta.

A Kano ya koyi aikin, wajen wani Alhaji da ya ɗauke shi tun yana saurayi, ya ciyar da shi, ya yaye shi. Har lefena Alhaji ne ya haɗa. Saboda haka tun da aka buɗe shagon, ko igiyar wuta Malam bai taɓa saya a wani wuri ba. Kuma ba ya zaɓe. Zai je ya gaishe shi, abin da Alhaji ya nuna da baki shi ake lodawa a mota.

Sai zamani ya juya. Wuta ta zama baƙuwa a garin, kwamfutar tebur kuwa ana ɗauke wuta take mutuwa da aikin mutum a ciki. Kowa ya koma neman laftof, ƙaramar nan mai batir da ake sawa a jaka. Wasu samari suka buɗe shaguna a bakin kasuwa. Su ba su da ubangida, duk inda kaya ya fi kyau can suke zuwa, su juya shi, su ce ba sa so, a sauya musu. Mu kuma Alhaji yana ta turo mana manyan akwatunan da Kano ta daina tambaya. Na yi magana har bakina ya gaji, Malam ya ce harkar shago ba tawa ba ce.

Ana cikin haka mai ginin ya fara maganar zai ba wani shagon. A daidai lokacin wata makarantar kuɗi a Gwiwa ta sa sola, tana son cika ɗaki guda da kwamfuta. Shugaban makarantar abokin Malam ne, ya zo har gida ya ce aikin na Malam ne, amma laftof kawai, don solarsu ba za ta ja manya ba. Mu duka mun san wannan aikin ne zai riƙe shagon. Da hannuna na goge masa kayan da ya sa zuwa Kano.

Bayan la'asar motar ta tsaya a ƙofar gida. Na leƙa ta zaure, na ga ana sauke akwatunan nan masu nauyin tsiya.

"Malam, me nake gani?"

"Alhaji ya ce waɗannan sun fi ƙarko."

"Ka gaya masa laftof suke so?"

"Na buɗe baki ke nan, sai ya ce a gaban mutane duk yaransa babu mai hannuna, ni kaɗai zan iya tayar da su. To in ce masa me?"

A kujerar gaba na hango wasu siraran kwalaye sababbi, an ɗaure su da igiya. Na ce, "Waɗancan fa?"

Bai kalle ni ba. "Saƙon yaron nan ne na bakin kasuwa. A wajen Alhaji ya saya. Ya ce tunda hanya ɗaya ce in taho masa da su."

A cinyarsa ya rungumo su tun daga Kano, don kada su bugu. Laftof ɗin da ke makarantar Gwiwa yau, su ne. Ban taɓa jin haushin mutum da tausayinsa a lokaci guda irin na ranar ba. Na shiga ɗaki na yi kukana.

Kafin damina ta faɗi shagon ya zama na mai sayar da taki. Akwatunan suna jibge a ɗakin da na so in ba 'yan matana, kaji na kwana a kansu. Malam yana sana'ar cajin waya a rumfar wani ƙaninsa.

Kwanan baya muna cin tuwo a tsakar gida wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya tsame hannu, ya durƙusa a ƙasa kamar mutumin yana gabansa. Ina jiyo muryar Alhaji yana cewa zai share sito, akwai sauran na tebur, ya rasa wanda ya cancanta sai shi. Na kafe Malam da ido ina girgiza kai. Ya gan ni sarai, idonsa ya cika da ƙwalla.

"Na gode, ranka ya daɗe," ya ce. "A aiko."