Tumbin b Yana Kallon Gabas

Shekara ashirin da uku ke nan da muka kai Yaya Rabi makwancinta a Tawa. Mutanen gari sun san ta da Madam Rabi, malamar ajin farko. Ni kuwa yayata ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goya ni, kuma ba ta taɓa bari na manta da hakan ba, ko bayan na yi gemu ina koyar da manyan aji. Kowace shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in yi ta jan ƙafa. Bana ɗiyata Saude ta kira ni daga Tabaram, inda take koyarwa, ta ce in ban rubuta ba ita za ta rubuta, kuma ba za ta rufa mini asiri ko kaɗan ba. Shi ya sa na ga gara in tona kaina da hannuna.

A shekarun nan da jam'iyyu suka fito kamar ciyawar damina, ni Mushe Illa, kamar yadda ake kiran malamin boko a wurinmu, ba ƙaramin mutum ba ne a wurin kaina. Ina da jan bik, wato biro, a aljihun gaba, ina da faransanci mai kaifi, kuma yara suna jin sunana su gyara zama. In na ba da dikte, wato in karanta su rubuta, takarda takan dawo hannun mai ita ja wur. Ina alfahari da haka. A ganina yara iri biyu ne, mai ƙoƙari da malalaci, kuma maganin na biyun yana rataye a bayan ƙofar aji.

Sai Allah ya ba ni Saude. Yarinya ce mai wayo fiye da shekarunta: in aka aike ta kasuwa da saƙo bakwai ba ta manta ɗaya, in ta ji waƙa sau ɗaya ta riƙe. Amma a ajiye mata littafi, sai ta zama wata. Layin da ta karanta jiya, yau kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Takan tsallake gaɓa, ta juya kalma, ta sa d inda ake son b. Wata rana na ce ta rubuta Baba a allonta na makaranta, ta miƙo mini Dada, mutanen gida suka yi ta dariya, aka kwana biyu ana ce mini Dada. Ni ban yi dariya ba. Na kira ta daƙiƙiya a gaban ƙannenta, kuma har yau in na tuna nakan ji kunyar kaina.

Ta riga ta maimaita aji. Daraktan makarantarsu, wanda abokin aikina ne, ya ja ni gefe yana sunkuyar da kai, ya ce in ta sake faɗuwa a jarrabawar ƙarshen shekara, dole sunanta ya fita daga rajista. Ni ma a zuciyata na riga na cire ta. Na fi jin zafin abin da za a ce, ɗiyar mushe ta kasa karatu, fiye da abin da zai same ta.

A lokacin ne yajin aiki ya rufe makarantu, muka zauna gida babu ranar komawa. Yaya Rabi ta shigo wani hantsi ta tarar da ni ina jan layi a takardar yarinyar, ita kuma tana rakuɓe jikin randa.

"Illa, aje bik ɗin nan," in ji ta. "Kai kana bidar inda tay yi kuskure. Ni so nike in ga yadda taka yin shi."

"Yaya, ba ta da kai. Na yi iya yi na."

"Ɗiyag ga ba daƙiƙiya ba ta. Na ga irinta a Kalhu, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ba ni ita."

Yaya ta yi shekaru tana koyarwa a wani ƙauye na Kalfu kafin a dawo da ita Tawa. Can ta fara lura da irin waɗannan yara, waɗanda take kira masu juyin harafi. Ba ta da wani suna na boko da za ta ba abin. Abin da take da shi kaye ne, wato littafin shirin darasi, mai baƙin bango, kuma ba irin wanda muke cikawa don idon insifekta ba. Kowane yaro da shafinsa: abin da ya iya, abin da ke kuɓuce masa, abin da za a yi wannan mako, da abin da ba za a taɓa ba tukuna. Shafin Saude na mako biyun farko babu darasi ko ɗaya a ciki, kallo kawai da saurare.

Da ta fara, da kunne ta fara, kuma da Hausa. Ta ce yarinyar da ba ta jin gaɓoɓin kalmar da take faɗa kullum, ina za ta ji na harshen da ba ta sani ba? Sai su zauna a tabarma suna tafa hannu: ta-bar-ma, tafi uku; ge-ro, tafi biyu. Sauti ɗaya a mako, wani lokaci a mako biyu. A faɗe shi, a zana shi da yatsa a yashi cikin tire, a murza shi da yumɓu, a rufe ido a shafa a faɗi sunansa. Darasi ba ya wuce lokacin dafa shayi, kuma kullum da abin da yarinya ta riga ta iya ake rufewa, don ta tashi da nasara a bakinta. Takarda ta yi tsada bayan kuɗinmu ya faɗi, sai Yaya ta riƙa tattara takardun yaƙin zaɓe da ake watsawa a gari, tana yanke manyan haruffa, tana rubutu a bayansu. Ba ta bar jam'iyya ko ɗaya ba. Nakan tsokane ta in ce ita kaɗai ce a Tawa ta ci moriyar dukansu.

Ni dai ina kallo ina taɓe baki. A ganina wasan yara ne, kuma na faɗa mata haka. Ta ce in je in sha iska.

Maganar b da d ita ta fi ba su wuya. Saude ba ta rarrabe dama da hagu. Ka ce ta ɗaga dama, sai ta tsaya tana duban hannuwanta biyu. Amma Yaya ta lura da wani abu da ni, uban yarinya, ban taɓa lura da shi ba. Mu mutanen Adar ba mu cika cewa dama ko hagu ba. Matsa gabas, muke cewa. Tulun yana arewa da ƙofa. Saude kuwa ko an rufe mata ido an juya ta, ta san gabas, don tun tana rarrafe take tsayawa gefen uwarta a kan sallaya. Sai Yaya ta shimfiɗa tabarmar darasi tana fuskantar arewa, yadda gabas zai faɗo a hannun dama, ta zana b a yashi da ƙaton tumbinsa.

"Kin gane shi? Wanga mai salla na, tumbinai na kallon gabas. Shi ko d ya ba gabas baya."

Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya, abin da na daɗe ban ji ba in akwai harafi a kusa. Daga ranar b da d suka zauna lafiya. Kafin a buɗe makarantu ta fara haɗa gaɓoɓi, tana karanta gajerun layuka a hankali, yatsa a ƙarƙashin kalma. Na fara sassauta taɓe baki.

Da aka koma aji aka yi jarrabawar tsakiyar shekara. Takardar dikte ta dawo ja wur, irin yadda nake mayar wa 'ya'yan mutane. Na ɗauke ta na nufi gidan Yaya, rabi baƙin ciki, rabi kuma, Allah ya yafe mini, jin daɗin cewa maganata ta fito. Ta sa tabarau ta bi takardar layi layi. Can sai na ga kafaɗunta suna rawa don dariya.

"Illa, ajin nasu ina yaka kallo?"

Na zana ajin a zuciyata. Tagogi a nan, ƙofa a can, allo a bangon kudu.

"Gusum," na ce.

"To duba da kyau. Duk b ta zama d, duk d ta zama b, ba ta ɓata ko guda ba. Ta bi gabas yadda nic ce mata. Laihi nau na, ba nata ba."

Na karɓi takardar na sake dubawa. Haka ne. Yarinya tana zaune tana kallon kudu, gabas ya koma hagunta, ita kuwa ta juya tumbin kowane b ya kalli alƙibla da gaskiyarta. Shekara goma sha wani abu ina jan layi a ƙarƙashin kurakurai, ban taɓa tambayar kuskure daga ina ya fito ba. A gabana Yaya ta buɗe kayenta ta rubuta a shafin Saude cewa ta ɗaure darasi a jikin ɗaki, alhali a jikin yarinya ya kamata ta ɗaure shi. Ban taɓa ganin malami ya sa wa kansa jan layi ba sai ranar.

Saura wata uku a yi jarrabawar da za ta yanke hukunci. Yaya ta sake shiri daga tushe. Ta kwaɓa lalle ta ƙunsa wa Saude babban yatsan hannun dama shi kaɗai, ta ce mata daga yau gabas ɗin karatu yana nan, duk inda ta je da shi za ta je. Sannan ta riƙa juya tabarmar: yau kudu, gobe yamma, jibi a zaure, gata a ƙarƙashin itacen bedi. Makon farko yarinyar ta rikice har ta yi kuka. Yaya ba ta ƙara sabon abu ko ɗaya ba sai da yatsan ya zauna. Ni kuma ta ba ni aiki, ta rubuta shi a kaye kamar na kowane ɗalibi: in saurari karatun Saude kullum bayan la'asar, hannuwana a baya, bakina a rufe, in ta tsaya in ƙirga goma a zuci kafin in taimaka. Wannan ƙirga goma ita ce jarrabawa mafi wuya da na taɓa zama.

Ranar da aka kira sakamako ina tsaye a bayan taro. Saude ba ta zo ta ɗaya ba, ba ta zo ta goma ba. Tana can tsakiya, wajen da a da ba na ko kallo. Amma an kira sunanta cikin masu wucewa, kuma na ji daɗin da ban ji ba ranar da na ci tawa jarrabawar. Muka dawo gida. Ta ɗauko allonta ta yi rubutu, ta duba yatsanta, ta ajiye mini a cinya. Baba, da tumbi biyu suna kallon inda ya dace. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa don kada yara su ga ubansu yana hawaye.

Yanzu abin ya sami suna. Ana ce masa disleksi, ana tara malamai a yi musu bita a kansa, da na'urar haska bango da ruwan gora. Na tabbata da Yaya tana nan za ta je, ta zauna a gaba, ta ji daɗi an daina ce wa yaran nan malalata. Na kuma tabbata kafin a tashi za ta ɗaga hannu ta tambaya, to ranar Litinin da safe me za a yi da yaron, kuma wa zai rubuta abin da ya faru ranar Talata? Za ta yi murna da wayar da ke karanta wa mutum saƙo da murya, don har gobe Saude a hankali take karatu, kuma ba ta ɓoye wa ɗalibanta hakan. Amma ajin da yara suka yi yawa har malami bai san sunan na baya ba, shi zai ɓata mata rai, kuma ba za ta yi shiru ba.

Yaya ba ta bar gadon gida ba, ba ta bar garke ba, ba a taɓa ba ta lambar yabo ba. Kayen mai baƙin bango yana Tabaram a hannun Saude, an ƙara masa 'yan'uwa da yawa, kowane yaro da shafinsa. Iyaye daga ƙauyukan kewaye, masu Hausa da masu Tamashek, sukan kawo mata yaran da aka ce ba su da kai, kuma in ka shiga ajinta za ka ga 'yan yatsu jajaye nan da can. Ni ma shekarun da suka rage mini a aji na yi su da jan bik a aljihu, amma sai na ƙirga goma kafin in zare shi.

Ciwon da ya ɗauke ta bai daɗe ba. Ranar jana'iza ni na shiga kabarin tare da ɗanta, muka karɓe ta, muka kwantar da ita a kan damanta. Liman ya ce a gyara fuskarta ta kalli gabas. Na sa hannu na gyara, sai na ji muryarta a kan tabarma tana faɗa wa yarinya wane ne mai salla, har murmushi ya kuɓuce mini cikin hawaye. Allah ya jiƙan Yaya Rabi, ya haskaka makwancinta. Saude, ga shi na rubuta, kuma ban rage komai ba. Ki karanta a hankali yadda kika saba, zan jira.