Jawabin da Nurmuhan Ya Tanada wa Kulpash

Shekara ashirin da shida ina kaɗa wa Nurmuhan dombira, wato molonmu, a bukukuwan birnin Almaty, shi yana magana, ni ina cike masa giɓi da tsirkiyoyina biyu. Tamada ne, wato shi ke riƙe da bakin biki. Shi zai ce wane ya tashi ya ɗaga kofi, wane ya dakata, shi zai yabi amarya har uwarta ta jiƙe hankici. Nureke muke ce masa don girmamawa. Gajere ne mai tumbi da haƙorin zinare guda, amma in ya buɗe baki har masu yanka nama sai sun ajiye wuƙa. Abin taƙamarsa ɗaya ne: bai taɓa maimaita jawabi ba. Kalmar da ya ba wata amarya ta zama tata, ba ya sake ba kowa. Na sha ce masa girman kai ne kawai, wa zai tuna? Sai ya ce shi zai tuna.

Matarsa Kulpash a masaƙa ta yi aiki, shekara talatin tsakanin injuna, har kunnenta na dama ya mutu. A gida kuwa gwanin maganar nan bebe ne. "Tsohuwa, shayi." "Tsohuwa, ina safata?" Iyakar fasaharsa ke nan. A wurinmu namiji ba ya yabon matarsa a gaban jama'a, da kunya, shi kuma Nureke ya bi kunyar nan har cikin ɗakin girki inda babu kowa.

Da shigowar kaka likita ya gaya mata kunnen hagun ma ya kama hanya, da wuya ya fita hunturu. Ina gidan ranar, muna shan shayi da madara.

Ta ce, "Tsoho, amare nawa ka yaba?"

"Wa ya ƙirga? Sun fi dubu."

"To ni fa? A bikinmu kawunka ne ya yi jawabi, a kan dokinsa ya yi shi, har ya zauna bai ambace ni ba. Ina son nawa. Ba a takarda ba, da bakinka, tun kunnen nan yana aiki."

Ya dube ni yana dariya. "Ka ji tsohuwa da rigima."

Ita ba ta yi dariya ba. Ta nuna ni da cokali ta ce, "Mai-tsirkiya ne shaida." Sunan da ta raɗa mini ke nan tun tana amarya.

Sati uku ya yi yana shirya shi. A mota ya karanta mini, muna dawowa daga wani biki, kuma wallahi sai da na tsaya a gefen titi. Babu wata, babu fure a ciki. Maganar wata mace ce da ta riƙa hawa da bokitin gawayi zuwa hawa na huɗu da tsohon ciki, shekarar da bututun ɗumama gida ya fashe, don kada mijinta ya yi mura muryarsa ta dushe. Macen da hannunta ke ƙanshin man inji da burodi, wadda take ajiye wa miji tsakiyar kankana ta ce ita gefen ta fi so. Bai taɓa yin wanda ya kai shi ba.

Duk Juma'a ina kiɗa a ɗakin cin abincin wani otal a gindin duwatsu. A can muka shirya zai faɗa mata, ni na samo musu tebur kusa da taga, na sa aka ajiye kujerarsa ta hagunta. Kulpash ta zo da koriyar rigar karammiski da 'yan kunnen azurfa na mahaifiyarta, sai taɓa gashi take yi kamar budurwa. Aka kawo naman doki da manti, ƙullin fulawa mai nama a ciki, masu tururi, da kwalbar jar giyar inabi ta gonakin Esik. Limamin unguwarmu ba zai ji daɗi ba, amma ba a gayyace shi ba.

Ba a kurɓa sai an yi magana, maganar kuma da jerinta, ko da mutum biyu ne a tebur. Daga kan dandamali nake kallonsu. Kofin farko na iyaye. Na biyu na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Na uku na 'yarsu Meruyert da jikoki. Duk sanda ya ɗaga kofi sai ta karkato da kunnen hagu, in ta ji ba ita ba ce ta yi murmushi ta kurɓa kaɗan. Na huɗu nata ne. Ya miƙe, ya ɓalla maɓallin kwat, ya gyara murya. Ni kuma na sassauta kiɗa.

Sai wani ƙato ya taso daga dogon teburin tsakiya. "Nureke! Kai ne? Kai ka yi mana biki, yau shekara ashirin da biyar cif! Ga matata, ga dangi." Ya buɗe tafukan hannunsa biyu. "Baba, a sa mana albarka."

Wanda ya buɗe hannu yana neman albarkar dattijo ba a mayar da shi, wannan kowa ya sani. Amma kalma biyar ta isa. Nureke ya ce, "Minti ɗaya, tsohuwa," ya bi mutumin. Mutum talatin suka yi tsit, wani ya zare makirufo daga gabana ya danƙa masa. Na san fuskar nan tasa in ya ga taro. Bai shirya musu komai ba, kansa kuwa abu ɗaya ne ya cika shi sati uku. Ya fara da addu'ar da aka saba, daga nan sai na ji bokitin gawayi. Hannuna ya tsaya a kan tsirkiya. Suna kaɗai ya canja. Matar ƙaton, wadda ban ga alamar ta taɓa ɗaga bokiti ba, ta yi ta kuka, dangi suna tafi. Lasifikan otal ɗin masu kyau ne, ko harafi ɗaya bai wuce Kulpash ba.

Na sauko na iske su a tebur. Ya dawo yana gumi, sai a lokacin ya gane abin da ya aikata.

Ta ce, "Ya yi kyau, tsoho. Ban san su ma a hawa na huɗu suka zauna ba."

"Naki ne, Kulpash. Bakina ne ya... Zan yi miki wani, sabo fil."

"Faɗa mini wannan ɗin yanzu. Ko gwanjo ne ina so."

"Haba! In ba ki abin da na riga na ba wata? Ni?"

Ta ɗan jira, kunnen yana karkace wajensa. Sannan ta ture kofinta ta ce a ɗauko mata rigar sanyi. A nan ya kamata in fasa masa dombira a ka, in ce faɗi, ɗan banzan girman kai. Na tsaya ina gyara tsirkiyar da ba ta lalace ba, kuma har yau abin yana ci na.

Hunturu guda ya yi yana rubutawa yana yagawa. Duk abin kirkin da ya sani game da ita ya riga ya kashe shi a teburin wasu. In na matsa masa sai ya ce saura kaɗan. A watan Fabrairu ta kwanta zazzaɓi kwana huɗu, ta tashi kunnen ya rufe. An gwada na'urar ji, ta ce ƙugi kawai take yi mata, ta jefa ta cikin durowa.

Ana jibi Nauriz, bikin sabuwar shekara, ya aiko in zo da dombira. Na sami Kulpash a ɗakin girki tana kwaɓa fulawa. Ya sa kwat, ya zuba kofi, ya miƙe ya fara. Jawabin ba laifi, ko da yake bai kama ƙafar na farko ba. Kunya ta hana shi kallonta, taga ya riƙa kallo ta saman kanta. Ita kuwa ta sha ganinsa yana gwada jawabi a wurin nan duk jajibirin biki. Ta bi bakinsa da ido har ya gama, sannan ta ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin kansa, "Sannu da aiki, tsoho. Na wace amarya ce wannan? Gobe ne? In goge maka farar rigar?"

Ya ajiye kofin. Sannan ya gyaɗa mata kai. Ta wanke hannu ta tafi ɗauko dutsen guga.