Ƙanƙarar Inna

A shekarun da Arlit ke tashe, mutane na kwararowa daga Damagaram da Tawa har da Katsina don neman aikin ma'adini, Babanmu direba ne na motar da ke kai ma'aikata bakin rami. Shi ya sa muka samu gida a unguwar kamfani, da ruwan famfo da wuta da firji. Mu Kiristoci ne daga wajen Maraɗi, 'yan tsiraru a garin.

Firjin nan bai taɓa zama namu ba. Inna ta cika shi da gwangwanayen madara da ta wanke ta zuba ruwa. In azumin Musulmi ya zo, kuma a lokacin cikin tsananin zafi yake zuwa, sai ta fiffitar da ƙanƙara da la'asar sakaliya, ta naɗe a tsumma, ta rarraba mana gidaje a Bukoki, unguwar bukkokin kwali da kwano inda babu famfo balle wuta. Ba mu da izinin lasa, ba mu da izinin tsayawa jiran godiya. In na yi ƙorafi cewa mu ba azumi muke ba, sai ta ce, "Ai shi ya sa kike da ƙarfin tafiya. Almasihu bai tambayi mai ƙishi addininsa ba."

Rabona wata tsohuwa ce Buzuwa daga Gugaram, wadda fari ya cinye mata dabbobi ta biyo ɗanta gari. Ba na sonta, gaskiya. Gidanta ya fi na kowa nisa, kuma kullum sai ta danna ƙanƙarar da yatsa ta ce da gurguwar Hausarta, "Yau ƙarami ne, yarinya. Kai ka sha a hanya?"

A azumin da nake ajin ƙarshe na firamare Baba ya kwanta. An yi ta magani a asibiti, daga baya ya roƙa a mai da shi gida. Jikinsa zafi kamar murfin tukunya. Inna ta riƙa naɗe ƙanƙara a tawul ɗinsa tana dafa masa a goshi, ni kuma ina riƙe da hannunsa. Ƙannena ta rage musu aike, amma ba ta daina ba.

Ran da numfashinsa ya canza, gwangwani ɗaya ya rage a firji. Rana ta yi ƙasa. Inna ta fito da shi, ta tsaya tsakanin gadon da ƙofa. Baba ya buɗe ido ya dube ta, ya ɗaga yatsa wajen ƙofa. Sai ta zare tawul ɗin daga goshinsa, ta naɗe ƙanƙarar ta miƙo mini.

"Inna, ki bar ni wajen Baba. Yau kaɗai."

"Tsohuwar nan tun asuba ba ta sa ruwa a baki ba. Je ki dawo."

Na tafi da gudu, ruwan sanyi na bin hannuna har gwiwa. Na dangwarar mata a kan tabarma, ban ko ji abin da ta ce ba, na juyo. Ana kiran sallar magariba na iso bakin layinmu, na tarar da takalma a ƙofar gida. Matan majami'a sun riga sun shiga.

Inna na zaune a ƙasa, ta rufe Baba da zanenta na Lahadi. Ta ɗago ta ce, "Ta samu?"

Na ce ta samu. Na tsani Inna a wannan lokacin, kuma na daɗe ban yafe mata ba. Ƙanwata ce ta ba ni labarin cewa Baba ya nemi hannuna a kan gadon, ya laluba, sai ita ƙanwar tawa ta ba shi nata. Har yau abin yana ci mini rai, ko da na san shi ne ya nuna ƙofa.

Washegari bayan mun dawo daga binne shi, tsohuwar ta iso a ƙafa cikin ranar nan, da azumi a bakinta. Ta wanke tawul ɗin ta ninke. Ta ajiye shi a cinyar Inna, ta zauna kusa da ita tana hawaye.

Da la'asar, gida cike da masu gaisuwa, na ji ƙarar ƙofar firji. Ashe cikin wannan hali Inna ta tuna ta cika gwangwanayenta. Ta zuba ƙanƙara a kwano ta dube ni. Na kau da kai. Ba ta yi faɗa ba, ta ɗora kwanon a ka ta fita ita kaɗai, alhali tun jiya ba ta ci komai ba.

Na bar ta har ta kai ƙarshen layi. Sannan na tashi na bi ta ina kuka, na sauke kwanon daga kanta na ɗora a nawa.