Tagar Kudu da Tagar Arewa

A farkon bara saura ƙiris in sa 'yata Sumayya, wadda ke fama da asma tun tana goye, a ɗakin da rana ba ta leƙa shi duk tsawon lokacin sanyi. Ni da kaina na zaɓa mata ɗakin, kuma ina da tabbacin na san abin da nake yi. Abin da ya taka mini birki wata tatsuniya ce da na ji ina ɗan shekara tara, a saman gidan da muke haya a unguwar Al-Oud, nan Riyad.

Mahaifinmu direba ne, yana ɗauko kayan lambu daga kasuwar Aziziyya yana rarraba wa shaguna. Da kafilinsa, Balaraben da yake aiki a ƙarƙashinsa, ya taimaka aka samo wa mahaifiyarsa takardar ziyara, sai Iya ta zo daga ƙauyenmu ta yi sanyi guda tare da mu. Wanda bai zauna Riyad ba zafinta kawai yake ji a labari, amma a watan Janairu sanyin garin har ƙashi yake shiga. An kunna wa Iya hita ta lantarki, ta dube ta ta ce ita ba ta jin ɗumin wutar da ba ta toka. Dole Baba ya nemo kasko da buhun gawayi. Da an idar da magariba sai mu hau sama, ni da yayata Rabi, mu zauna tsakanin tankin ruwa da igiyar shanya, Iya tana juya gyaɗa a bakin garwashi.

A lokacin Larabcinmu ya fi Hausarmu ƙwari. Sai mu ce, "Yalla, yalla, Iya!"

"Wannan yaren ku kai wa mai shago," in ji ta. "Tatsuniyata ba ta jin Larabci. Ku kira ta da Hausa, in ba haka ba ta kwana a hanya."

Sai mun roƙe ta da Hausa, ta gyara mana kuskure biyu ko uku, sannan ta ɗauko.

Wadda ta zauna mini ita ce ta wani magini. A garinsu ba a taɓa yin gwani kamarsa ba. Katangar da ya ɗora, jikoki ke gadonta. A ƙasarsu, kamar a tamu, hadari daga gabas yake tasowa, don haka kowace ƙofa yamma take kallo. Wata shekara ya ɗauki matarsa da buhun irin gero ya yi ta tafiya, har ya isa wani gari mai nisa ya ce nan zai zauna. Da ya zaga garin sai ya ga duk ƙofofinsu gabas suke kallo. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce Allah ya kawo shi garin da ba su san gini ba.

Ya kwaɓa ƙasa, ya yi tubali, ya ta da ɗaki mai kyan da ba a taɓa gani ba a wurin, ya fitar da ƙofa yamma. Wata tsohuwa da ke kaɗi a gindin bishiya ta ce masa, "Baƙo, ka taɓa yin damina a nan?" Ya ce, "Damina arba'in na yi ina gini." Ta ce, "A nan na ce." Ya juya ya ci gaba da aikinsa. Ranar da ruwan farko ya zo, daga yamma ya taso. Ya shiga ta ƙofa kamar an gayyace shi, ya jiƙe shimfiɗa, ya jiƙe irin gero, matar ta kwana a tsaye. Da safe mutanen gari suka zo da diga. Babu wanda ya yi masa dariya. Suka toshe ƙofar yamma, suka fasa wata ta gabas, kowa ya ɗebo masa iri daga rumbunsa. Tsohuwar ta shafa bangon ta ce, "Gininka ya fi namu kyau. Ƙofar ce ta garinku."

Na ce, "Iya, ai wawa ne."

"Ji maigidan nawa," in ji ta, don haka take tsokanata. "Kai da ruwan saman da ka gani a duniya bai cika tulu ba, kai ne za ka zagi magini?"

Rabi ta ce, "To me ya hana shi tambaya?"

"Iyawa. Da bai iya ba, ai da ya tambaya. Nan ta tsaya, ku kwashe ɓawon gyaɗarku."

Na girma, na yi shekara shida a Birtaniya ina aikin rediyo, sannan na dawo Riyad. A can na koyi gidajensu ciki da bai. Yawancinsu na jan bulo ne, a manne da juna kamar jerin haƙora, ɗakunan kwana a bene, ɗakunan ƙanana, gilashin taga ruɓi biyu, kowane ɗaki da ƙarfen ɗumama shi a jikin bango. Gida ne da aka gina don ya riƙe zafi. Na kuma koyi ƙa'ida ɗaya da kowane mai neman haya ya sani: ka nemi tagar da ke kallon kudu, don ta nan rana ke bi. Ɗakin arewa na duhu ne da danshi. Na zauna a irinsa shekara guda, na san tarin da yake sawa.

Da Sumayya ta sami gurbin karatu a Melbourne ta ƙasar Ostareliya, sai aka haɗa mu da wata dattijuwa Baturiya mai ba ɗalibai mata ɗakuna a gidanta. Biyu suka rage, ɗaya tagarsa kudu, ɗaya arewa, kuma akwai wata ɗaliba da ke jiran wanda muka bari. Ban ɓata lokaci ba, na rubuta mata cewa na kudu muke so. Na kuma ce wa Sumayya ta rage kayan sanyin da ta cusa a akwati. Ƙasar zafi ce, kuma gidan Turawa ko ana sanyi cikinsa da ɗumi.

Mahaifiyarta ta ce, "Abban Sumayya, Ingila ka zauna fa, ba can ba."

Na ce, "Turawan nan ɗaya ne. Kakanninsu ma daga Ingila suka tafi."

Washegari da safe dattijuwar mai gidan ta kira mu ta bidiyo. Ta ce ta ga a takardun an rubuta yarinyar tana da asma, shi ya sa take so ta tabbatar ba kuskure muka yi ba. Ɗakin kudu, in ji ta, ba ya ganin rana daga Mayu har Agusta, wato lokacin sanyinsu, kuma bangonsa na yin fumfuna. Na fara yi mata bayani cikin ladabi cewa na daɗe a Birtaniya, na san yadda rana ke tafiya. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Ka taɓa yin sanyi a nan?"

Na tsaya ina kallon wayar. Sumayya ta taɓa ni ta ce, "Abba, layin ne ya yanke?" Layi lafiya lau yake. Muryar Iya nake ji. Na san Ostareliya tana kudancin duniya, na sha faɗin haka a rediyo, amma ban taɓa haɗa wannan da taga ba. A can rana ta arewa take bi.

Na ce wa matar ta yi haƙuri, ta zaga da mu gidan. Ta ɗauki wayar ta zaga. Gida ne a ƙasa, babu bene, a ware shi kaɗai cikin fili. Rufin kwano, baranda mai faɗi, raga a kowace taga saboda ƙudaje, gilashi falle ɗaya. Na tambayi ƙarfen ɗumama ɗaki, ta yi dariya ta ce hita ɗaya ce a falo. Tsofaffin gidajensu an gina su ne don su saki zafi, in ji ta, shi ya sa a watan Yuli wani lokaci cikin gida ya fi waje sanyi. Ta ce yarinyar ta zo da duk rigar sanyin da take da ita. Na ce a ba mu ɗakin arewa. Ta ce da ma ba ta amsa wa ɗaya ɗalibar ba tukuna.

Mahaifiyar Sumayya ta miƙe. Ta buɗe akwatin ta mayar da duk abin da na sa aka cire, tana yi tana kallona.

Shekara da shekaru na ɗauka tatsuniyar nan gargaɗi ce ga jahilai. Ashe da irina take. Ƙa'idar da na koya a Birtaniya gaskiya ce, da ƙirjina na biya kuɗin koyonta; iyakarta ce ban sani ba. Kuma da a kaina abin zai ƙare da sauƙi. Wadda za ta kwana cikin danshin ba ni ba ce.

A tsakiyar Yuli, Riyad tana tafasa tun da sassafe, Sumayya ta kira ni ƙarfe shida, a can ƙarfe ɗayan rana. Tana zaune a ƙasa da riga uku a jikinta da safa, hasken rana ya kwanta mata a cinya. Ta yi ta ba ni labarin jarrabawa da tsadar tumatir. Ban riƙe rabin abin da ta faɗa ba. Numfashinta nake saurare, tsakanin kalma da kalma, ina jiran ɗan fiton nan da na sani tun tana jaririya. Minti ashirin muka yi. Bai zo ba.